Yadda Ake Sauya wa Kwamfutar Gida Manhaja Zuwa Linux

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafinsa na yau da kullum, kuma yawancin tsofaffin kwamfutocin da muke saya a kasuwannin Garwa da Marwa ba sa iya ɗaukar Windows 11. Mafita ita ce a maye gurbin Windows da Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta. A ganina, cikin ire-irenta Linux Mint ce ta fi dacewa da mai farawa, musamman nau'inta mai suna Xfce, domin kyauta ce kuma ba ta nauyaya wa tsohuwar na'ura.

Kafin komai, ka kwashe hotuna da takardunka ka adana su a wani wuri dabam, saboda girkawa tana iya shafe duk abin da ke cikin kwamfutar. Daga nan ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil mai ɗauke da manhajar gaba ɗaya, daga shafin Linux Mint, wanda girmansa ya kusa gigabayit 3, sannan ka rubuta shi a kan filashi mai gigabayit 8 ta hanyar amfani da Rufus, wata ƙaramar manhaja mai yin wannan aikin. Idan ka kunna kwamfutar da filashin a jikinta, ka danna F12 a Dell ko F9 a HP don jerin wuraren da za ta iya tashi daga gare su ya fito, ka zaɓi filashin.

Kada ka yi gaggawar girkawa. Linux Mint tana aiki daga filashin ba tare da ta taɓa komai ba, don haka ka gwada sauti da intanet da firinta tukuna. Wajen zaɓen allon rubutu, ka duba da kyau, domin yawancin namu na Faransanci ne, wato AZERTY. Akwai kuma na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Ka tabbata batirin a cike yake, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana tilasta a sake shi daga farko.