Yadda ake shirya tafiyar hutu ta farko zuwa ƙasar waje daga Accra ko Kumasi

Yawancin tafiyar farko da ke lalacewa, tun daga gida take lalacewa. Mutum ya ga tikiti mai araha ya yi wuf ya saya, sai daga baya ya tuna fasfonsa saura wata uku ya ƙare, ko ƙasar da za shi tana neman biza. Don haka a bi abin daki-daki: takardu tukuna, sannan ƙasa, sannan lissafin kwanaki da wuraren da za a gani. Tikiti shi ne kusan na ƙarshe.

Fasfo da katin rigakafi

Ka fara da fasfo wata uku ko huɗu kafin lokacin da kake son tashi. Ana cike takardar nema ta intanet a shafin ma'aikatar harkokin waje, da Ghana Card ɗinka, a biya kuɗi, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Akwai ofishi a Accra, akwai a Kumasi, ba sai mutumin Aboabo ko Asawase ya sauko kudu don wannan ba. Fasfon manya shekara 10 yake yi. Ka kiyayi 'yan kamashon da ke tsayawa a bakin ofis suna cewa za su gaggauta maka. Idan suka cike maka takarda da kuskure, kai za ka yi ta jigilar gyara.

Abin da ya fi kama mutanen zango shi ne rubutun suna. Mohammed a Ghana Card, Muhammad a takardar haihuwa, Mahamadu a takardar makaranta. Ka daidaita su kafin ka nemi fasfo, kuma duk abin da za ka saya bayan haka, tikiti ne ko masauki, ka kwafi sunan harafi da harafi daga fasfon. Kamfanin jirgi yana iya hana ka hawa saboda bambancin suna, gyaran kuma da kuɗi ake yin sa.

Mai tsohon fasfo ya duba abu biyu: ya kasance da sauran aƙalla wata 6 daga ranar shiga ƙasar, da kuma shafi biyu da ba a buga musu hatimi ba.

Sai katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ƙasashe da yawa suna tambayarsa a hannun wanda ya fito daga Ghana. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya bai tsira ba. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka je a yi maka allurar da gaske a cibiyar da aka amince da ita. Katin da aka saya ba allura ba ya kare jiki daga komai.

Wace ƙasa

A tafiyar farko, ka zaɓi ƙasar da ba ta neman biza ko wadda izinin shigarta ke da sauƙi, kuma jirgi na zuwa kai tsaye daga Accra. Fasfon Ghana yana shiga ƙasashen ECOWAS ba biza har kwana 90. Ruwanda ma haka, ba biza. Afirka ta Kudu ta cire wa 'yan Ghana biza tun Nuwamba 2023. Maroko ta sauƙaƙa a 2025, inda ake neman izinin shiga ta intanet kafin a tashi. Turkiyya, Masar da Dubai duk suna buƙatar biza. Waɗannan dokoki suna canzawa, don haka ka tabbatar daga ofishin jakadancin ƙasar a makon da za ka biya kuɗin tikiti, kada ka dogara da abin da wani ya yi bara.

Turai da Amurka mu shawararmu a bar su sai tafiya ta biyu ko ta uku. Kuɗin neman biza ba ya dawowa idan aka hana ka, kuma fasfon da ke da hatimin fita da dawowa a kan lokaci ya fi sabo fil kwarjini a gaban jami'in biza.

Ka duba yanayi. Wanda ya saba da zafin Accra zai sha mamakin sanyin Fas, a ƙasar Maroko, a Disamba da Janairu, musamman da dare a tsofaffin gidajen da ba su da na'urar ɗumama ɗaki. A Yuli da Agusta kuma zafin Marrakesh yana haura digiri 40. Maris zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokutan da mutum zai iya yawo da ƙafa yini guda a Maroko.

Lissafin kwanaki da zaɓen wuraren gani

A nan ne ya kamata a zauna da biro da takarda. Hutun kwana 7 ba kwana 7 na yawo ba ne. Cire ranar isa, domin gajiya da neman masauki za su cinye ta. Cire ranar dawowa. Duk ranar da za ka tashi daga wani gari zuwa wani, cire rabinta: haɗa kaya, zuwa tasha, tafiyar kanta, neman sabon masauki. Abin da ya rage shi ne jarinka, kuma yawanci bai wuce kwana huɗu da rabi ba.

Yanzu ka rubuta duk wuraren da ranka ke so, ko sun kai 20. Ka tambayi kanka a kan kowanne: in na dawo ban ga wannan ba, zai dame ni? Waɗanda amsarsu "e" ce ba tare da jinkiri ba, da wuya su wuce uku ko huɗu. Su ne ginshiƙin tafiyar. Kowannensu ka ba shi safiya guda cur. Sauran ka raba su gida biyu: waɗanda ke kusa da ginshiƙan, za ka leƙa in lokaci ya samu, da waɗanda ke nesa, ka soke su ba tare da baƙin ciki ba. Wurin da ka sa a jerin don kawai ka gan shi a hoton wani a TikTok, yawanci shi ya kamata ya fara fita.

Bari mu ɗauki Maroko, tunda mutanenmu da yawa can zuciyarsu take. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Accra zuwa Kasabalanka kai tsaye, tafiyar da ba ta kai awa 5 ba. Sabon matafiyi yakan rubuta Kasabalanka, Rabat, Fas, Marrakesh, Tanja da sahara, duk a mako ɗaya. Ka buɗe taswira. Fas tana arewa maso gabas da Kasabalanka, kusan awa 4 a jirgin ƙasa. Marrakesh tana kudu, kusan awa 3. Tsakanin Fas da Marrakesh kuwa jirgin ƙasa yana cin fiye da awa 6. Wanda ya nace sai ya haɗa su duka zai ƙare hutunsa yana kallon gonaki ta taga.

Idan abin da ya kai ka shi ne ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815 kuma a can kabarinsa yake, to Fas ce cibiyar tafiyar, Marrakesh sai wani karon. Ka tsara yadda Juma'a za ta same ka a Fas, saboda zikirin bayan La'asar. Misali: ka sauka Kasabalanka Laraba, ka yi sallah a Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993 a bakin teku, hasumiyarsa mita 210. Alhamis da safe ka hau jirgin ƙasa daga tashar Casa Voyageurs zuwa Fas, ka kwana huɗu. Juma'a ta zawiya ce. Asabar ka ba masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859, da majemar Chouara, inda har yau ake jeme fata da rina ta a ramuka. Sayayya ma ranar Asabar, domin shaguna da yawa a tsohon gari suna rufewa ranar Juma'a. Litinin ka sauka a Rabat, wadda ke kan layin dawowa, ka ga Hasumiyar Hassan da hubbaren Sarki Muhammadu na Biyar, ka kwana. Talata ka ƙarasa Kasabalanka, tafiyar awa ɗaya.

Ka lura da Lahadi: da gangan muka bar ta ba komai. Rana ɗaya a kowane mako ka bar ta haka, don ruwan sama, ko ciwon ciki, ko komawa wurin da ya shiga ranka.

Kowace ƙasa ka zaɓa, ka binciki ranar rufewar kowane ginshiƙi kafin ka jera kwanaki. A Istanbul, fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi. Wuraren da ake sayen tikitin shiga da sa'a, irin hawa Burj Khalifa a Dubai, ka saya ta intanet tun kana gida. Kuma kada ka sa manyan wurare fiye da biyu a yini ɗaya: ɗaya da safe, ɗaya bayan Azahar, su kasance a unguwa guda. Idan da dattijo ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, ka tambayi yanayin hanya. Tsohon garin Fas lunguna ne masu hawa da gangara, mota ba ta shiga, kowa da ƙafa yake tafiya.

Tikiti da masauki

Sai yanzu tikiti. Ka sayi na zuwa da dawowa, domin jami'an shige da fice suna tambayar na dawowa da adireshin masauki. Ka kwatanta farashi a shafin kamfanin jirgin da kuma wurin ejan mai ofis da rajista. Bayan ka biya, ka karɓi lambar ajiye kujera mai harafi 6, ka shigar da ita a shafin kamfanin da kanka, ka ga sunanka da lambar tikiti. Akwai masu ba mutum takardar ajiye kujera kawai, wadda ke sokewa bayan 'yan kwanaki idan ba a biya ba.

Ka karanta sa'ar tashi da kyau. Jirgin ƙarfe 00:30 na Talata yana nufin ka je fili daren Litinin. Mutane suna rasa jirgi a kan wannan kaɗai.

Masauki kuwa, ka zaɓi wanda za ka iya takawa daga gare shi zuwa babban wurin da ya kai ka, ko da ya ɗan fi tsada, domin kuɗin tasi safe da yamma zai cinye rarar. Ka nemi wanda ake iya sokewa ba tara. A Fas, wanda ke kusa da ƙofar Bab Boujloud ko wata ƙofa da mota ke isa ya fi sauƙi ga mai jan akwati.

Kuɗi

Ka rubuta kuɗin tikiti, masauki, abinci, zirga-zirga, shiga wurare da tsaraba, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai don abin da ba a zata ba. Tsaraba ka yanke mata iyaka tun a gida, ka rubuta sunayen waɗanda za ka saya wa, in ba haka ba ita za ta cinye kuɗin abinci.

Sidi ba ya canzuwa a can, kuma MoMo ba zai biya maka tasi a Fas ba. Ka sayi dala ko yuro a banki ko wurin canji mai lasisi, sababbin takardu marasa yagewa, ka karɓi rasit. Dirhamin Maroko a can ake samunsa: ka canza kaɗan a filin jirgi don jirgin ƙasa da abinci, sauran a cikin gari. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan. Ka sanar da bankinka ranakun tafiya don kada su toshe katin, kuma ka raba kuɗin wuri biyu.

Kaya da ranar tashi

Nauyin da aka yarda maka yana rubuce a tikiti, yawanci kilo 23 kowace jaka. Ka auna a gida, ka bar wurin tsaraba. Duk abu mai ruwa a jakar hannu kada ya wuce mililita 100, don haka shito da man kaɗanya su shiga babbar jaka, a ɗaure su sosai. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya. Kilishi da sauran nama ƙasashe da yawa suna kwacewa. Maganin da kake sha ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita, kuma ka sani tramadol da kodin suna iya kai mutum kurkuku a Masar da Dubai. Soket ɗin Ghana mai baki uku ne, na Maroko da Turkiyya mai ƙafa biyu zagayayyu, sai ka sayi adafta. Kada ka karɓi saƙon kowa da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko da ɗan unguwarku ne.

Ka ɗauki hoton fasfo, tikiti da katin allura, ka aje a waya, ka bar kwafi a gida. Matafiyi yana yin ƙasaru, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya zai cika sallarsa, don haka ka tambayi malaminka da jadawalin tafiyar a hannu.

Jiragen ƙasashen waje daga Terminal 3 na filin jirgin Accra suke tashi. Ka isa awa 3 kafin lokaci, ka kuma ƙara lissafin cunkoson hanya ko da daga Nima ko Mamobi za ka fito. Wanda ke tahowa daga Kumasi ya kwana a Accra. Motar VIP tana iya cin awa 6 ko fiye, jirgin cikin gida kuma idan ya yi jinkiri, kamfanin da zai kai ka waje ba ruwansa, tunda tikitin daban ne. Haka ma a dawowa: daren ƙarshe ka kwana a garin da filin jirgin yake, ka canza ragowar dirhami kafin ka wuce wurin buga hatimi.