Yadda za ka rage jiran gwaje-gwajen QEMU

QEMU manhaja ce da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka. Da farko, kada ka gina komai da komai. Idan a kan nau'in processor na x86 kake aiki, ba configure (shirin da ke tsara abin da za a gina) umarnin --target-list=x86_64-softmmu kawai.

Sannan saka ccache, don kada a sake harhaɗa abin da bai canza ba.

Gudanar da make check -j8, ko ka maye gurbin 8 da adadin ƙwaƙwalen (cores) injinka, gwaje-gwajen su tafi tare.

Bayan an gama, buɗe meson-logs/testlog.txt ka ga wanda ya fi cin lokaci. Sau da yawa migration-test ne, wato gwajin mayar da injin kwaikwayo daga wuri zuwa wuri, mai nawar tsiya. Tabbatar kana da izinin amfani da /dev/kvm, wanda ke ba QEMU damar amfani da processor ɗinka kai tsaye, domin in babu shi QEMU zai koma TCG, kwaikwayo da manhaja zalla, wanda tafiyar hawainiya yake yi.

In gyaran ƙarami ne, make check-unit, mai gudanar da ƙananan gwaje-gwaje kawai, ya wadatar kafin ka tura gyaran naka.