Yadda Ake Tara Kalmomin Turanci Tare da Abokan Tafiyarsu

Ɗalibai da yawa a Kano suna haddace dogon jerin kalmomin Turanci kafin jarrabawar WAEC ko JAMB, amma da zarar an ce su sa ɗaya a cikin jimla sai abin ya gagara. Dalili kuwa shi ne kowace kalma tana da abokan tafiyarta, kuma tare da su ya kamata a koye ta.

Ka dubi kalmarmu ta "sha". Muna shan ruwa, muna shan magani, wani yana shan taba, wani kuma yana shan wahala, amma Bature kowanne da kalmarsa: drink water, take medicine, smoke, suffer. Wanda ya riƙe cewa "sha" ita ce drink kawai, shi ne zai ce wa likita "I drank the tablet". Haka ma "ara mini biro" take komawa "borrow me" a bakin yaranmu, alhali mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa ne yake borrow.

Saboda haka ka ware littafin rubutu guda domin wannan aiki. Duk lokacin da ka ci karo da sabuwar kalma a jaridar Daily Trust ko a labaran rediyo, ka kwafe jimlar gaba ɗaya, ka rubuta ma'anar a ƙarƙashinta, sannan ka gina taka jimlar daga abin da idonka ya gani a ranar, kamar cunkoson adaidaita sahu a Ƙofar Mata, wanda ake kira heavy traffic. Kalmomi 5 a rana sun wadatar.

Game da ƙamus, na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990 yana taimakon mai farawa ƙwarai. Sai dai a ganina kada a daɗe ba a haɗa da Oxford Advanced Learner's Dictionary ba, domin yana bayani da sauƙaƙan Turanci, yana kuma kawo misalan da ke nuna kalmar a mazauninta. Misalan nan su ne amfanin littafin, kada ka tsallake su.

Abin da ya rage shi ne tishi, kamar yadda ake yi a makarantar allo. Ka koma kan kalmomin jiya kafin ka ɗauki na yau, ran Juma'a kuma ka rufe ma'anonin da tafin hannu, ka karanto na mako duka da murya, wanda ya kuɓuce maka ka mayar da shi shafin gobe.