Darasi Na Shida: Tsare Zafin Yogot Da Firiza

Kun ga madarar da ta kwana ba ta kama ba, ko wadda ta yi tsami ta tsinke, ruwa a sama, guda-guda a ƙasa. Yawanci zafi ne bai tsaya wuri ɗaya ba. Ƙwayoyin da ke mai da madara yogot suna son digiri 42 zuwa 44. Daren hunturu a Kano ko Damagaram ya yi musu sanyi, shi ya sa madara kan kai safiya tana nan tsululu.

Dabarar da za mu koya, masu dafa giya a gida a Amurka da Turai ne suka yaɗa ta. Su sanyi suke nema, wajen digiri 18 zuwa 20. Mu ɗumi muke nema don yogot ɗin sayarwa, amma kayan aikin iri ɗaya ne.

Kayan aiki

Firiza mai murfi a sama. Ƙwan lantarki mai wat 40 ko 60, irin na da mai zafi. Ƙwan LED ba zai yi ba, zafin da yake bayarwa kaɗan ne. Sai ƙaramar na'ura mai suna STC-1000, wadda ke auna zafi ta kunna ko ta kashe wuta da kanta, da salatif, da guntun soso. Ku kai na'urar wurin mai gyaran lantarki ya haɗa mata soket biyu, ya rubuta ZAFI a jikin ɗaya, SANYI a jikin ɗayan. Kada ku haɗa wayar da kanku. Ƙwan lantarki yana shiga soket ɗin ZAFI, firiza tana shiga na SANYI.

Mataki na 1: madara

Ku dafa madara ta kai digiri 85, ku sauke, ku bari ta huce zuwa 43. Ku auna da ma'aunin zafi, ban da yatsa. Sai ku zuba iri, wato yogot mai kyau na jiya, cokali biyu a kowace lita. Ku juya a hankali, ku zuba a bokiti, ku rufe, ku sa shi cikin firiza. Yanzu filogin firiza a cire yake. Ƙwan lantarki kaɗai ke aiki, a rataye a gefe, ba ya taɓa roba.

Mataki na 2: tsinken awo

A nan ake faɗuwa, don haka mu tafi sannu. Akwai siririyar waya da ta fito daga bayan na'urar, da ɗan kai a ƙarshenta. Wannan kan shi ne tsinken awo. Abin da ya taɓa, shi na'urar take ji. In ya taɓa iska, zafin iska za ta faɗa muku. Mu kuwa ba iska muke sayarwa ba.

Ku ɗauki tsinken. Ku manna shi a jikin bokitin daga waje, a tsakiyar tsayin madarar. Ku kama shi da salatif. Ku ɗora soso a kansa. Ku sake kama soson da salatif. Shi ke nan: tsinke a jikin bokiti, soso a kan tsinke.

Me ya sa soso? Ƙwan lantarki yana ɗumama iskar firiza da sauri, madara kuwa a hankali take ɗaukar zafi. Tsinken da ba a rufe ba zai ji iska ta kai 43, na'urar ta kashe ƙwan, alhali madarar tana 36. Soso yana raba tsinken da iska, ya bar shi da bokitin kaɗai.

Ku gwada yanzu da bokitin ruwa. In bai manne ba, ku goge jikin bokitin ya bushe, salatif ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Ba komai, ku sake. Hannu zai saba.

To, ina tsinken yake? A jikin bokiti. Me ke kansa? Soso. A wane tsayi? Tsakiyar madara. Wanda ya manna shi a sama da inda madarar ta tsaya, iskar cikin bokiti yake aunawa.

Ina faɗa ina maimaitawa, amma duk aji sai na buɗe firiza na tarar da tsinke yana reto, ko an jefa shi ƙasa, ko an rataye shi dab da ƙwan lantarki. Sannan a zo ana cewa, Malam, na'urar nan jabu ce. Haba jama'a! Na'urar ƙalau take. Wasu kuma sukan tsoma shi cikin madarar da datti a jikinsa, su lalata lita goma a banza. Kuɗin madarar gari ba wasa ba ne. Kafin ku rufe murfi, ku duba da idonku: tsinke a jikin bokiti, soso a kai.

Mataki na 3: saita lamba

Ku danne maɓallin S har F1 ta fito. F1 ita ce zafin da kuke so. Ku riƙe S, ku danna kibiyar sama ko ta ƙasa har ku ga 43. F2 ku sa 1, wato digirin da zafi zai sauka kafin na'urar ta sake kunna ƙwan. F3 ku sa 5, wannan mintocin hutun injin firiza ne, don kada ya riƙa tashi yana mutuwa ya ƙone. F4 ku ƙyale ta. Ku danna maɓallin kunnawa sau ɗaya don lambobin su zauna. In ba ku danna ba, sun tafi.

Mataki na 4: jira

Awa 5 zuwa 8. Kada ku yi ta buɗe murfi. In an ɗauke wuta, ku bar shi a rufe, firiza tana riƙe ɗumi.

Mataki na 5: sanyaya

Da ya kama, ku cire ƙwan lantarki, ku sa filogin firiza a soket ɗin SANYI, ku mai da F1 zuwa 4. Tsinken yana nan inda yake.

Aikin gida

Ku manna tsinke a bokitin ruwa. Ku rubuta lambar da kuka gani bayan awa 1, da bayan awa 3. Ku zo da takardar ranar Asabar.