Yadda ake lissafin kuɗin gyaran farfelar jirgin shawagi mai inji

Jirgin shawagi mai inji shi ne wanda zai tashi da injinsa, in ya kai sama a kashe injin ya ci gaba da yawo da dogayen fukafukansa, irin su Grob G 109 da Scheibe SF 25 da Super Dimona. A ƙasar nan ba su da yawa, ko nan Zariya da muke da kwalejin koyon tukin jirgi tun 1964 yawancin yaran ba su taɓa taɓa irin farfelarsu ba, shi ya sa duk wanda aka ce ya yi lissafin babban gyaranta sai ya kawo adadin da bai kai ko ina ba.

Ka fara da littafin farfelar, ba na jirgin ba. Ka duba lambarta da awannin da ta yi da ranar da aka yi mata babban gyara na ƙarshe. Wa'adin iri biyu ne, awanni ko shekaru, duk wanda ya riga cika. Farfeloli da yawa shekara 6 ake ba su, toh kaga ko jirgin yana kwance a hanga, wato rumfar ajiye jirgi, yana shan ƙura kwanaki na tafiya. Kar wani ya ce maka ai ba ta yi aiki ba, giris na bushewa, roba na tsufa, tsatsa kuma ba ruwanta da ko ka tashi ko ba ka tashi ba.

Sai ka rubuta wa masu ƙera ta. In Hoffmann ce suna Rosenheim, in MT ce suna kusa da Straubing, duk a Jamus, ko wani wurin gyara da suka amince da shi. Kuɗin da Yuro ne, don haka ka rubuta lissafinka da Yuro, Naira sai ranar biya.

Anan ne kowa ke faɗuwa. Farashin farko da za su turo maka na aikin hannu ne da kayan da dole a canza kamar boris da robobi da notuna, kafin su buɗe ta kenan. Irin wannan farfelar ba icen banza ba ce, tana juya fiffikenta, ta Hoffmann HO-V62 misali tana da matsayi uku, na tashi da na tafiya da wanda fiffiken ke miƙewa da iska in an kashe inji. Fiffiken katako ne da aka manna falle-falle aka lulluɓe da zaren gilashi. Sai sun wargaza ta sun auna sun yi gwajin tsagewa sannan farashi na biyu zai zo, kuma shi ne na gaskiya. In danshi ya shiga gindin fiffike, ko cibiyar da ke riƙe fiffiken ta tsage, ko tsakuwa ta cinye bakin fiffiken ya wuce iyaka, kuɗin zai tashi sosai. Mu kuma yanayinmu bai taimaka ba, hunturu ya busar da katako damina ta kumbura shi, ga yashi. Don haka tun a wasiƙar farko ka ce kar su wuce wani adadi sai sun tambaye ka, ka nemi hotunan duk abin da suka ce ya lalace, kuma ka tambayi farashin fiffike sabo da na sabuwar farfela gaba ɗaya. Ni dai in gyara ya kusa kuɗin sabuwa ba na ko tsayawa ciniki, sabuwa kawai. Kuma don Allah kar ka gaya wa mai jirgi farashin farko kamar shi ne ƙarshe, daga baya zai ɗauka kai ne ka ƙara naka.

Sai sufuri. Akwatin katako mai kyau, fiffike kar ya taɓa komai, in kana da akwatin da ta zo a ciki ka ci riba. Kuɗin kaya ta Kano ko Legas zuwa da dawowa, da inshora, kar ka tsallake inshora don rowa. Takardun kwastam su nuna gyara ta tafi za ta dawo, da lambarta a jiki, in ba haka ba ranar dawowa za ka sha bayani.

In ta taɓa dukan ƙasa tana juyawa wannan wani lissafin ne daban, dole a binciki injin ma, in injin kamfanin Rotax ne har da giyabos.

Sauran kuwa, dole ta dawo da takardar EASA Form 1, wato shaidar gyara ta hukumar kula da jiragen sama ta Turai, in ba ita ba a ɗaurawa. Ka sa kuɗin injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, da zai cire ya mayar ya sa hannu, da ɗaure notuna da ma'aunin ƙarfi, da gwajin girgiza in ana bukata, da kuɗin hanga na makonnin da jirgin zai zauna ba farfela.