Ganin DNA a cikin sel mai rai da dCas9: inda aka fi yin tuntuɓe da yadda za a gyara

Ɗalibanmu na Garwa, Marwa da Ngaundare masu karatun ilimin halittu sun fi sanin CRISPR a matsayin kayan yankan DNA, saboda aikin Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna na 2012 wanda ya kawo musu kyautar Nobel a 2020. Akwai kuma wani aikin da ake yi da shi wanda babu yanka a ciki. Ana kashe wa furotin ɗin Cas9, wanda shi ne mai yankan, kaifinsa ya koma dCas9, a liƙa masa GFP, furotin mai ƙyallin kore, sannan a ba shi RNA jagora, wanda haruffa 20 na farkonsa za su kai shi inda ake so. Idan ya je ya zauna, sai ka ga ɗigon kore yana motsi a cibiyar sel mai rai. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko, cikinsu har da Bo Huang da Stanley Qi, su suka fito da wannan dabara a 2013. Ga wanda zai je yin digiri na biyu ko na uku a ɗakin binciken da ke wannan aiki, ga wuraren da ake yawan faɗuwa.

Wani tun daga filasmid, ɗan zoben DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin, yake kuskurewa. Cas9 na da baki biyu da yake yanka da su, kuma sai an kashe duka biyun, da sauyin D10A da na H840A, kafin ya zama dCas9. Mai sauyi ɗaya yana nan yana tsinka igiya ɗaya ta DNA. Kada ka dogara da rubutun da ke jikin bututun da abokin aiki ya miƙo maka. A karanta jerin haruffan wuraren nan biyu tukuna.

Sai zaɓen wurin da za a haska. Kusan kowane ɗan yankinmu abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne sikila, kuma na fahimci dalili, don cutar ta taɓa zuri'o'i da yawa. Sai ya tsara jagora ɗaya tak zuwa ƙwayar gado ta HBB da ke kan kuromosom na 11, wadda sauyinta ke kawo sikila, ya zauna jiran ɗigo. Ba zai gani ba. Jagora ɗaya dCas9 ɗaya yake zaunarwa, hasken GFP ɗaya kuwa ɓacewa yake yi cikin hasken sauran da ke yawo. Shi ya sa ake farawa da wurin da haruffa ke maimaita kansu, irin telomiya, ƙarshen kuromosom inda TTAGGG ke jere ɗaruruwa zuwa dubbai. A can jagora ɗaya na tara dCas9 masu yawa wuri guda. Idan telomiya ta ƙi fitowa, matsalar a kayan aikinka take, ka gyara kafin ka matsa. Wurin da babu maimaici kuwa, masu aikin 2013 sai da suka jera jagorori fiye da 20. Daga baya an samu hanyoyin ƙara haske, kamar SunTag na 2014 da ke ɗora GFP har 24 a kan furotin ɗaya, ko saka ƙugiyoyin MS2, masu kamo ƙarin furotin mai ƙyalli, a jikin jagoran. Mafi sauƙi shi ne ka bincika ko akwai ɗan maimaici kusa da wurin da kake so, ka haska shi a madadinsa. Kuma a sani, wannan dabara inda DNA yake da yadda yake motsi take nunawa. Bambancin harafi ɗaya da ke kawo sikila, GAG da ya koma GTG, ba aikinta ba ne, don dCas9 na iya zama ko da harafi ɗaya bai dace ba.

Kuskuren da ya fi cin lokacin mutane shi ne zaton cewa yawan dCas9 zai ƙara kyan hoto. Mutum ya ga haske ya yi rauni, sai ya ƙara filasmid, ya ƙara doksisaikilin, maganin da ake kunna ƙera dCas9 da shi, don sel ya yi ta ƙera furotin. Cibiyar sel gaba ɗaya ta koma kore shar, ɗigon ya nutse, kamar mai neman hasken tocila da tsakar ranar watan Afrilu a Garwa. Abin da ya fi wannan haɗari, dCas9 da bai samu jagora ba yana son taruwa a nukiliyolos, wani ɗan sashe na cikin cibiyar sel, ya yi dunƙule mai haske, sabon shiga kuma ya ɗauka ya samu abin da yake nema. Gyaran shi ne a rage dCas9, a wadata jagora. Zaɓi sel masu hasken da da ƙyar ake ganinsa, ka raino su daga sel guda don su yi daidai da juna. Sau da yawa ɗan abin da ke fita ba tare da an zuba doksisaikilin ba ma ya isa.

Shi ma jagoran a duba shi. Cas9 na bakteriyar Streptococcus pyogenes ba ya zama sai akwai haruffan NGG, wato kowane harafi sannan G biyu, dab da wurin. Idan da makunnin DNA da ake kira U6 sel ke rubuta jagoran, T huɗu a jere na iya katse rubutun, kuma tsohon gangar jikin jagora na ɗauke da irin wannan jeri. Yi amfani da gyararren gangar jikin nan da ake kira F+E.

To, ka ga ɗigo. Me ya tabbatar maka DNA ɗin da kake nema ne? Nan ne nake roƙon ƙannena su yi haƙuri kafin su tura hoto a WhatsApp. Kowane gwaji ya tafi da faranti biyu na kwatance, ɗaya babu jagora, ɗaya da jagoran da bai dace da ko'ina ba. Idan ɗigo ya fito a waɗannan ma, naka tarkace ne. Sannan a tabbatar da FISH, tsohuwar hanyar da ake daskarar da sel a rina wurin da launi daban. Koren GFP da jan FISH su haɗu wuri ɗaya, sannan a yi magana. Ƙidaya ma tana yaudara. Sel ɗin da ake raino a ɗakin bincike irin HeLa, HEK293T da U2OS adadin kuromosom ɗinsu ya hargitse, ɗigo uku a cikinsu ba abin mamaki ba ne. RPE-1 ya fi kusa da na lafiyayyen mutum. Bayan sel ya kwafi DNA ɗinsa, ɗigo ɗaya na iya bayyana tagwaye. Kuma hoto ɗaya ba ya isa, domin cibiyar sel tana da kauri. A ɗauka hawa hawa daga ƙasa zuwa sama, in ba haka ba wani ɗigon zai ɓuya, ko tarkacen da ke saman cibiya ya yi kamar a ciki yake.

Maikiroskop mai fitilar LED da ake duba majinar masu tarin fuka da shi a asibitocinmu kayan aiki ne mai daraja, amma ba don wannan aka yi shi ba. Ana bukatar gilashi mai ninki 60 ko 100 da ake ɗiga wa mai, kyamara mai ganin ɗan ƙaramin haske, da haske shuɗi wajen nanomita 488. Shi ma hasken a yi masa tsimi, don yana kashe ƙyallin GFP yana kuma galabaitar da sel. Rage ƙarfinsa, gajarta lokacin ɗauka, ka sa ruwan raino marar jan rinin fenol. Sel na son zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. Idan na'urar ba ta da akwatin da ke riƙe waɗannan, a sa HEPES, sinadarin da ke hana tsamin ruwan raino sauyawa, kuma a gama da wuri. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa cikin zafin da ya haura digiri 40, inkubeta da firiza su ne farkon abin da za a haɗa da batir ko sola. Sel ɗin da ya kwana cikin wahala motsin DNA ɗinsa ya canza, kada a auna shi washegari a rubuta a matsayin sakamako.

Abu na ƙarshe da ake mantawa, dCas9 bai yanka ba amma zamansa na da tasiri. Idan ya zauna a bakin ƙwayar gado yana iya tare na'urar da ke rubuta RNA, wanda shi ne tushen dabarar CRISPRi da ake rufe ƙwayoyin gado da ita. Don haka a nisanta jagorori daga inda rubutu ke farawa, sannan a auna RNA na wurin da qPCR a sel masu jagora da marasa shi. Idan adadin ya faɗi, a matsar da jagororin gaba a sake aunawa.