Darasi na Bakwai: Toshe Miyagun Shafuka da Fayil ɗin Hosts

Kowace na'urar da ke kan intanet tana da lambarta, wadda ake kira adireshin IP, kuma da wannan lamba ce kwamfutoci suke gane junansu. Idan mutum ya rubuta sunan shafi, kwamfutarsa takan fara duba wani ɗan ƙaramin fayil da ke cikinta mai suna hosts, sai in ba ta sami sunan a ciki ba ne take fita ta tambayi tsarin DNS, wato tsarin da yake fassara sunayen shafuka zuwa adireshin IP. Fayil ɗin ma ya girmi DNS, domin a zamanin ARPANET, tsohuwar hanyar sadarwar kwamfutoci da ta gabaci intanet, cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya a Amurka ce take riƙe da jerin sunayen baki ɗaya, kowa yana kwafa daga wurinta, har kwamfutoci suka yi yawa aka ƙirƙiro DNS a 1983.

Tunda fayil ɗin hosts ake fara tambaya, dabarar ita ce a haɗa sunan mugun shafi da adireshin da ba ya kaiwa ko'ina, kamar a nuna wa ɓarawo lungun da ba ya ɓullewa. Ana amfani da 0.0.0.0, ko kuma 127.0.0.1 wanda yake nufin ita kwamfutar kanta.

A Windows, fayil ɗin yana C:\Windows\System32\drivers\etc, a Linux da macOS kuwa yana /etc/hosts. Masu Windows, ku buɗe manhajar rubutu ta Notepad da izinin mai gudanarwa, wato ku danna masa maɓallin dama na linzami ku zaɓi "Run as administrator", in ba haka ba kwamfutar ba za ta yarda ku adana gyaran ba. Kafin ku taɓa komai, ku ajiye kwafin fayil ɗin a wani wuri. Sannan ku buɗe fayil ɗin a cikin Notepad, ku sauka ƙasa ku rubuta:

0.0.0.0 example.com
0.0.0.0 www.example.com

Ku lura layi biyu ne, saboda fayil ɗin ba ya yin hasashe. Sunan da aka rubuta masa kaɗai yake toshewa, harafi da harafi. A nan ne yawancin masu koyo suke tuntuɓe. Wani kuskuren kuma shi ne barin Notepad ya liƙa wa sunan fayil ɗin .txt a ƙarshe, wanda hakan kan sa gyaran ya tashi a banza. Layin da ya fara da alamar # bayani ne kawai, kwamfuta ba ta aiki da shi. Bayan adanawa, ku buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ku rubuta ipconfig /flushdns domin kwamfutar ta manta da tsohon adireshin.

Wannan hanya tana kare kwamfuta ɗaya ce tak, kuma 'yan damfara suna sauya sunayen shafukansu a kai a kai, don haka ba ta maye gurbin manhajar riga-kafi. Akwai ma miyagun manhajoji da kan kutsa cikin fayil ɗin su karkatar da sunan banki zuwa shafin bogi. Duk layin da kuka gani ɗauke da sunan bankinku alhali ba ku kuka rubuta ba, ku goge shi, ku sa a binciki kwamfutar.

Aikin gwaji: ku toshe example.com, ku gwada buɗe shi, sannan ku sa # a farkon layukan biyu, ku adana, ku sake gwadawa.